Alƙalamin Haya: Tarihin Gwagwarmayar Wikipedia da Masu Rubutun Kuɗi

Lokacin da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a ranar 15 ga Janairun 2001, sun ɗora ta a kan ƙa'idoji biyu da suke jan igiya da juna. Ta farko ita ce kowa na iya gyara kowane shafi, ko da bai bayyana sunansa ba. Ta biyu kuwa ita ce kowane bayani ya tsaya a tsakiya, ba tare da karkata ga wani ɓangare ba. Muddin kundin yana ƙarami, ƙa'idojin sun zauna lafiya. Amma da shafukansa suka fara fitowa a sahun gaba idan aka nemi sunan mutum ko kamfani a Google, sai abin da aka rubuta a kansa ya koma kadara, kuma kadara ba ta rasa masu zawarci.

'Yan siyasa ne suka fara jawo hankalin jama'a. A Janairun 2006 jaridar Lowell Sun ta bayyana cewa ma'aikatan ɗan majalisar wakilan Amurka Marty Meehan sun goge daga shafinsa batun alkawarin da ya yi na taƙaita wa'adinsa a majalisa, alkawarin da bai cika ba. A shekarar kuma aka kafa MyWikiBiz, kamfanin da ke rubuta wa 'yan kasuwa shafuka a kan dala 49 zuwa 99. Wales ya toshe asusun kamfanin, lamarin da ya nuna matsayin farko na kundin: rubutu don kuɗi abin ƙi ne.

Sai dai hani ba ya aiki idan ba a san mai laifi ba. A Agustan 2007 wani ɗalibin jami'ar Caltech, Virgil Griffith, ya fito da manhajar WikiScanner. Dabararsa mai sauƙi ce. A wancan lokacin, duk wanda ya gyara shafi ba tare da asusu ba, Wikipedia takan ajiye lambar adireshin intanet da ya yi amfani da ita, kuma manyan hukumomi da kamfanoni suna da jerin lambobin da aka yi wa rajista da sunansu. Griffith ya haɗa rumbunan biyu, ya tace gyare-gyare kusan miliyan 34. Nan take asiri ya tonu: daga kwamfutocin Diebold, mai ƙera na'urorin zaɓe, an share sakin layi masu sukar na'urorin, an kuma ga sawun kwamfutocin hukumar leƙen asiri ta CIA da na fadar Vatican a wasu shafuka. Manhajar ba ta iya tabbatar da ko shugabanni ne suka ba da umarni ko wani ma'aikaci ne ya yi gaban kansa, amma ta koya wa masu son gyara suna darasi ɗaya: a daina shiga da fuska a buɗe.

Daga nan sana'ar ta koma hannun ƙwararru. A Disambar 2011 aka gano cewa kamfanin hulɗa da jama'a na Birtaniya, Bell Pottinger, yana amfani da asusu da dama wajen kyautata shafukan abokan cinikinsa. A 2012 matsalar ta ɓulla daga cikin gida, inda aka gano cewa wani amintaccen reshen Wikimedia na Birtaniya yana aikin ba da shawara ga gwamnatin Gibraltar, a daidai lokacin da bayanai kan yankin suke yawan fitowa a shafin farko na kundin. Daga bisani ya sauka daga muƙaminsa. A Oktoban 2013 aka toshe asusu fiye da 250 a binciken kamfanin Wiki-PR na jihar Texas.

Abin da ya sa irin wannan rubutu ke da wuyar kamawa shi ne ba lallai ya ƙunshi ƙarya ba. Marubucin haya yakan zaɓi gaskiyar da za ta fito sama da wadda za a tura ƙasa, ya kira badaƙala "saɓani", ya kafa hujja da labaran da kamfanin ya biya aka buga. Kowace jimla na iya zama daidai, hoton da suka haɗa kuma ya zama karkatacce. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A Yunin 2014 Gidauniyar Wikimedia ta sauya salo. Maimakon hani gaba ɗaya, sai ta gyara ƙa'idojin amfani da shafin: duk wanda ake biya don ya yi gyara, wajibi ne ya bayyana wanda ya ɗauke shi aiki da wanda yake yi wa. A Wikipedia ta Turanci ana kuma shawartar irin wannan mutum da ya gabatar da buƙatarsa a shafin tattaunawa, ya bar wa 'yan sa-kai hukunci. A watan ne manyan kamfanonin hulɗa da jama'a 11 suka sa hannu kan alkawarin mutunta ƙa'idojin.

Dokar ta ɗaure masu kunya, ta bar marasa ita. A ƙarshen Agustan 2015 aka toshe asusu 381 a badaƙalar da aka laƙaba wa suna Orangemoody. Masu wannan harka sukan bibiyi ƙananan 'yan kasuwa da aka ƙi karɓar shafukansu, su tuntuɓe su da sunan editoci masu faɗa a ji, su karɓi kuɗi su wallafa shafin, sannan su nemi wani kuɗin duk wata don "kare" shi daga gogewa. Talla ta rikiɗe ta zama ƙwace. A 2019 kuma kamfanin tufafi The North Face ya musanya hotunan wuraren yawon buɗe ido da hotunan da ke ɗauke da kayansa, ya kuma yi alfahari da hakan a bidiyo, kafin ya ba da haƙuri.

A duk waɗannan shekaru, abin da ya tona asiri kusan iri ɗaya ne: kowane gyara yana nan a rubuce a tarihin shafi, kuma akwai mutanen da ke da haƙurin karanta shi. Wannan garkuwa ta dogara ne ga yawan idanu. Wikipedia ta Turanci tana da dubban masu sa ido. Sassan ƙananan al'ummomin editoci, har da na Hausa, ba su da wannan yawa, alhali 'yan siyasa da 'yan kasuwar da ake rubutu a kansu suna da irin buƙatar da Meehan da Diebold suka nuna. Ga mai karatu, maɓallin tarihin shafi da jerin majiyoyin da ke ƙasansa su ne wuraren da ake gane ko alƙalamin da ya yi rubutun na haya ne.