Asalin Manyan Baƙaƙen Ramukan Sama

Wanda duk ya fita bayan garin Roni ko Gwiwa da daren damina, bayan hadari ya washe, ya dubi kudu, zai ga farar hanya ta taurari ta ratsa sama. Wannan shi ne gungun taurarin da ranarmu take ciki. A can tsakiyarsa akwai abin da masana ke kira baƙin rami, nauyinsa ya ninka na rana sau miliyan 4. Saboda ƙarfin jansa, ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa.

To, daga ina irin waɗannan suka samo asali? Masana sun ce yau shekara biliyan 13.8 ke nan da farawar sararin samaniya. Bayan zafin farko ya lafa sai aka shiga duhu, ba tauraro ko ɗaya, sai iskar haidurojin da hiliyom. Da aka yi shekara miliyan 100 zuwa 200 sai taurarin farko suka kama ci, manya-manya, suka ƙone da wuri, suka rufta, suka bar ƙananan ramuka. An daɗe ana cewa waɗannan ne suka yi ta haɗiyar iska suna haɗewa da juna har suka ƙasaita.

Sai lissafi ya ƙi. A 2021 aka gano wani rami mai nauyin rana biliyan 1.6, alhali a zamaninsa sararin samaniya bai wuce shekara miliyan 670 ba. Kamar a shigo kara ne da maraƙin wata guda mai girman bajimi. Ga shi kuwa rami ba ya iya cin gaggawa, domin iskar da ke kwarara cikinsa zafi take yi ta haskaka, hasken ya tunkuɗe sauran baya.

Nan wasu masana, cikinsu har da Priyamvada Natarajan ta Jami'ar Yale, suka ce ai da girmansu aka haifi wasu. Ƙaton gajimaren iska, in bai huce ya rarrabu ya zama taurari ba, sai ya rufta gaba ɗaya, ya bar rami mai nauyin rana dubbai masu yawa. A 2023 madubin hangen nesa na James Webb da na Chandra suka hango wani a gungun UHZ1, tun sararin samaniya yana ɗan shekara miliyan 470, nauyinsa ya yi kusan daidai da na dukan taurarin da ke tare da shi. A ganina wannan hujja ce mai ƙarfi ƙwarai, domin ƙaramin rami ba shi da lokacin da zai kai haka.