Wiwin Da Ake Ci: Yadda Take Aiki A Jikin Mutum

A watan Maris na 2014, wata biyu da fara sayar da tabar wiwi a fili a jihar Kolorado ta Amurka, wani ɗalibi ɗan shekara 19 ya ci biskit mai wiwi a birnin Denba. Mai shago ya ce a kasa shi kashi shida a ci ɗaya. Yaron ya ci kashi ɗayan, ya jira kusan awa guda bai ji komai ba, sai ya cinye sauran. Cikin biskit ɗin akwai miligiram 65 na sinadarin THC. Daga nan maganarsa ta rikice, ya fara fizge-fizge, kuma awa uku da rabi bayan lomar farko ya faɗo daga hawa na huɗu ya mutu. Binciken gawa bai sami wata ƙwayar maye a jininsa ba sai wiwi. Abin da ya kamata mai nazari ya tsaya a kai shi ne wannan awa guda da yaron ya yi yana jira, domin a cikinta duk haɗarin yake.

THC shi ne abin da ke bugarwa a wiwi. Masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka tace shi a 1964. A ɗanyen ganye ba ya da ƙarfin bugarwa sai zafi ya taɓa shi, kuma a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Shi ya sa masu haɗawa ke dafa ganyen cikin man shanu ko man girki kafin su sa shi a kek, alewa ko cakulan. Dabarar tsohuwa ce: Indiyawa na haɗa bhang da madara lokacin bikin Holi, mutanen Maroko kuma na da majun na zuma da 'ya'yan itace.

Mai zuƙar hayaƙi, huhunsa ke miƙa sinadarin ga jini kai tsaye. Cikin 'yan mintuna ya hau kansa, bayan awa biyu ko uku ya fara sauka, kuma idan ya ji ta yi masa yawa yana iya ajiye karan. Mai ci ba shi da wannan zaɓi. Lomar za ta sauka ciki, ta gangara hanji, jini ya kwashe ta zuwa hanta. Tafiyar kan ɗauki minti 30 zuwa awa biyu, gwargwadon abin da ke cikin mutum da yanayin jikinsa. A hanta kuwa ake yin aikin da ya bambanta ci da sha. Hanta na lalata mafi yawan sinadarin, amma tana mayar da wani kaso zuwa wani sinadarin mai suna 11-hydroxy-THC, wanda shi ma mai bugarwa ne sosai, kuma yana ratsawa ƙwaƙwalwa cikin sauƙi. Maye kan kai ƙololuwa wajen awa huɗu, ya iya jan awa goma sha biyu, kasalarsa ta kai mutum washegari.

A ƙwaƙwalwa sinadarin na manne wa wasu kafofi da ake kira CB1, waɗanda jiki ya tanada don wani sinadari nasa na kansa mai daidaita tunani, yunwa, tuna abu da motsin gaɓoɓi. Idan THC ya cika su, zuciya ta shiga dukan uku-uku, baki ya bushe, ido ya yi ja, minti biyar ya zama kamar yini. In adadin ya yi yawa sai tsoro marar dalili, amai, zargin kowa, wani har gane-gane. Likitoci a wani asibitin Kolorado sun wallafa a 2019 cewa kayan ci masu wiwi su ne sanadin kusan kashi 11 cikin ɗari na masu zuwa sashen gaggawa saboda wiwi, alhali ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na THC ɗin da aka sayar a jihar ba.

Hukumomi sun yi ƙoƙarin sa awo. Kolorado ta tsayar da miligiram 10 na THC a matsayin ci ɗaya, Kanada da ta halatta kayan cin a 2019 ta ce ƙunshi guda kada ya wuce miligiram 10. Sai dai wani bincike na 2015 a Amurka ya gwada kaya 75, ya tarar kashi 17 cikin ɗari ne kawai abin da aka rubuta a jikinsu ya dace da abin da ke ciki. In haka abin yake inda ake manna takarda, ina ga kek ɗin da aka toya a ɓoye, wanda gefe ɗaya zai iya ninka ɗayan ƙarfi?

Abin da ya fi tayar mini da hankali yara ne. Yaro ba ya kunna taba, amma ba ya ƙyale alewa. A Amurka, rahotannin yara 'yan ƙasa da shekara shida da suka ci irin waɗannan kaya sun tashi daga 207 a 2017 zuwa 3,054 a 2021. Jikinsu ƙarami ne, saboda haka abin kan kai su ga barci mai nauyi, tangaɗi, wani lokaci har numfashi ya yi rauni.

Mu ma maganar ta iso mu. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu amfani da wiwi a Nijeriya sun kai miliyan 10.6, kuma hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta sha kama masu sayar da kek da biskit da aka cuɗa da ita. Irin wannan ba ta da hayaƙi, ba ta da warin da uwa za ta ji a rigar ɗanta. Iyaye, idan yaro ya ci wani abu a waje ya dawo yana layi, ko barci ya kwashe shi aka kasa tashinsa, kada a tsaya jiran ya wartsake. A kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi, a garzaya asibiti, a tafi da ragowar abin da ya ci a nuna wa likita.