Gurgu, Keke da Layi: Waiwaye Daga Ƙasar Tasawa da Mayahi

A watan Oktoba na shekarar 2013 kamfanin Disney, mai manyan wuraren lilo da shaƙatawa a Amurka, ya canza dokar bin layi ga masu naƙasa. Kafin lokacin akwai wani kati da ake ba su, wanda sau da yawa yake kai su gaba ba tare da dogon jira ba. Sai jaridu suka tona cewa wasu masu hannu da shuni suna ɗaukar hayar naƙasasshe don ya shige da iyalinsu gaba. Da aka gyara tsarin, aka ce mai keken guragu ko ɗan babur mai batir ya bi layi tare da kowa a duk inda aka faɗaɗa hanyar layin, inda kuma keke ba zai shiga ba a rubuta masa lokacin da zai dawo.

Mai karatu a Tasawa ko Mayahi zai ce ina ruwanmu da lilon Amurka. Gaskiya ne ba mu da irin wuraren nan, amma muna da layi: na asibiti, na famfo, na rabon cimaka, na rumfar zaɓe, da wanda na fi sani a matsayina na malami, wato layin ƙofar aji. Tambayar da ta dame su can ita ce tamu a nan: in jama'a sun jeru, ina ne wurin wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa? Amsar da Bahaushe ya ba wannan tambaya ta sha canzawa, kuma tana da tarihi.

A da can gurgu bai rasa gurbi a garin Hausa ba. Manyan birane irin su Kano da Katsina da Maraɗi sun san sarautar Sarkin Guragu, kamar yadda suka san ta Sarkin Makafi da ta Sarkin Kutare. Sarkin shi ne mai sasanta rigimar jama'arsa, shi ke magana da yawunsu a fada, in kyauta ta fito daga wani gida kuma ta hannunsa ake rabawa. Ranar Juma'a gurgu yana da wurinsa a bakin masallaci, ranar kasuwa yana da nasa a mashiga. To amma a duba da kyau: layin da aka tanadar masa na sadaka ne. An ba shi haƙƙin miƙa hannu, ba a cika tambayarsa abin da hannun zai iya yi ba. Tafiya kuwa sai rarrafe, da takalmi a tafin hannu saboda zafin ƙasa da ƙarangiya, ko goyon ɗan'uwa, ko jaki ga wanda gidansu ke da shi.

Mafi yawan guragun da muka taso muka gani shan inna ce ta mayar da su haka. Sunan ma ya nuna yadda kakanninmu suka fahimci cutar: Inna, wato aljanar nan da ake kira Doguwa, ita ake cewa ta shanye ƙafar yaro, don haka wurin boka ake fara nufa. A 1988, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaura aniyar kawar da cutar, an ƙiyasta tana gurgunta yara kusan 350,000 a kowace shekara a ƙasashe 125. Daga ƙarshen shekarun 1990 muka fara ganin masu ɗigon rigakafi suna bin gida gida da ƴan akwatunansu na sanyi. A 2003 jihar Kano ta dakatar da rigakafin bisa zargin akwai maganin hana haihuwa a ciki, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004. Jita-jitar ba ta tsaya a kan iyaka ba, cutar ma haka, domin tsakanin ƙasar Maraɗi da Katsina kasuwa ɗaya ce, aure ɗaya ne. A farkon 2006 aka cire Nijar daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu, kuma ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa ainihin ƙwayar cutar ta bar Afirka. Har yau ana rigakafi saboda wani nau'inta da ke ɓulla inda aka bar yara da yawa babu ɗigo. Su kuwa yaran da ta kama a shekarun gardamar nan, yau samari ne da ƴan mata, wasu ma iyaye ne masu kawo mana ƴaƴansu lakwal.

Abin da ya fi komai canza rayuwarsu shi ne keke mai ƙafa uku. Ba wani abin al'ajabi ba ne: bututun ƙarfe, tayoyin keke, sarƙa, da feda da aka ɗago zuwa ƙirji don a murza da hannu. Mai walda na bakin titi yana haɗa shi, mai faci yana gyara shi. A Kano guragun da kansu suka kafa ƙungiyar waɗanda shan inna ta shafa, suna ƙera kekunan suna sayarwa, har da babura masu ƙafa uku. Keke ya ɗaga gurgu daga ƙasa, ya sa yana kallon mutane ido da ido. Ya ba shi sana'a: wannan yana tallar man fetur a kwalba, wancan yana dakon kaya a kasuwa, wani yana zuwa shagon ɗinki da kansa ba sai an ɗauko shi ba.

Sai dai ƙasarmu ta rairayi ce. A kan kwaltar da ta ratsa Tasawa daga Maraɗi zuwa Damagaram keken yana gudu lafiya. Da an sauka gefe labari ya canza. Tayar gaba ce ke ja, nauyin mutum kuma yana kan na baya, don haka da ta shiga yashi sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya. Duk wanda ya san hanyoyin Urafan, ko Kanambakashe, ko ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba ya san cewa a can amalanke ya fi keke. Shi ya sa kyautar keke da ake yi gaban kyamara, in ba a yi tunanin hanya da kayan gyara ba, kan ƙare a jingine a bayan rumbu. An ce sannu ba ta hana zuwa. Amma kasuwa ba ta jira, ƙararrawar makaranta ma ba ta jira.

A wasu ƙasashen abin hawan ya riga doka zuwa. A 1968 wani Ba'amurke mai suna Allan Thieme ya ƙera ɗan babur mai batir a jihar Michigan saboda wata ƴar gidansu da ciwo ya hana tafiya. Amma gine-gine ba su canza ba sai da masu naƙasa suka tashi tsaye a kan haƙƙinsu. A watan Maris na 1990 wasu daga cikinsu suka sauka daga kekunansu suka hau matakalar majalisar dokokin Amurka da rarrafe, duniya na kallo. A watan Yuli na shekarar aka sa hannu a dokar kare haƙƙinsu. Alhazanmu sun ga irin baburan nan a Harami, inda ake hayarsu don ɗawafi da sa'ayi a hawa na musamman. Wannan ba baƙon abu ba ne a addini: ya tabbata cewa da Ummu Salama ta yi rashin lafiya, Annabi (SAW) ya umarce ta da ta yi ɗawafi a kan abin hawa ta bayan jama'a. Ba a ce ta zauna gida ba, an nema mata hanya.

Mu ma ba mu rasa doka ba. Tun watan Maris na 1993 Nijar ta kafa dokar kare masu naƙasa, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a ƙarshen 2019. An ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Maƙwabciyarmu Najeriya, a dokar da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ambaci layi da sunansa: a fara sallamar mai naƙasa, in da hali ma a saurare shi a wajen layin. Amma takarda ba ta tura keke. Wanda ya ga rabon abinci a yunwar 2005 ya san yadda layi ke zama in ciki ya ɗauki zafi: mai ƙarfi ne ke isa gaba, wanda ke ƙasa ƙura ce rabonsa.

A nan ne magana ta zo kanmu, malamai da iyaye. A makarantar horar da malamai an koya mana jera yara bisa tsayi, a ɗaga tuta, a shiga aji a natse. Na koyar a ajin zana, na koyar a na siminti, kuma na lura da wani abu mai ban mamaki: ajin zana, duk da talaucinsa, ba ya hana keke shiga, domin ƙasarsa daidai take da ta waje. Na simintin kuwa da dakali mai tsawo ake gina shi saboda ruwan damina, sai ka ga keke a ajiye a waje, mai shi ya rarrafa ciki a gaban ƴan ajinsu, ya zauna da ƙura a gwiwa. Yarinya in ta fara girma ba ta jure wannan. Ba kai ne ya gaza ba. Matakala uku da ƙunƙuntar ƙofar ban ɗaki ne suka kore ta.

Gobarar da ta ci ajujuwan zana a Maraɗi a watan Nuwamba na 2021, ta halaka yara sama da 20, ta sa kowa ya yarda cewa dole a koma ginin zamani. Saboda haka yanzu ne lokacin magana, tun kafin magini ya zuba tushe. Kwamitin iyaye yana da bakin cewa a yi gangara a ƙofar aji, mai sauƙin hawa: kowane santimita 1 na tsayi a ba shi santimita 12 na tsawo. A bar ƙofa ta kai santimita 90. A daɓe hanya da jar ƙasa daga bakin makaranta zuwa aji, da famfo, da ban ɗaki. Kuɗin wannan a lokacin gini kaɗan ne; fasa gini daga baya shi ne tsada.

Shi kuma layin kansa ba ya buƙatar ko dala. A wurin turereniya, kamar rabon abinci ko allura, a fara da mai keke, a kuma gaya wa yara dalili don kada abin ya zama gori. A wurin ɗaga tuta da shiga aji kuwa a bar shi cikin sahun ajinsu, kusa da abokansa, a rage sauri a tafi tare. Kakanninmu sun ba gurgu wuri a bakin ƙofa. Ya rage namu mu shigar da shi ciki, ya zauna a benci ɗaya da ƴaƴanmu, ya rubuta jarrabawa ɗaya da su. Allah Ya ba mu ikon yi.