In Rami Ya Kada Mai Babur, Wa Zai Biya Diyya?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa daga ƙasar Katsina, ya aiko da takarda cewa ƙanensa ya faɗa rami da babur yana ɗauke da buhun masara, ya karye a cinya. Yana so ya san ko akwai wanda doka ta ɗora wa biyan diyya, kuma mene ne tarihin wannan doka.

AMSA: To malam, da farko dai muna yi wa ƙanenka jaje, Allah ya ba shi lafiya. Amsar tambayarka ta girmi babur ɗin kansa, domin sai a 1885 ne Bajamushen nan Daimler ya ƙera babur mai shan fetur, alhali gardamar wa ke da alhakin mummunar hanya ta daɗe a gaban alƙalai.

A shekarar 1788 wani mutum mai suna Russell a Ingila ya kai ƙarar mutanen gundumar Devon baki ɗaya, saboda keken dokinsa ya lalace a kan wata gada da aka bari ba gyara. Kotu ta kori ƙarar. Hujjarta ita ce mutanen gunduma ba ƙungiya ɗaya ba ce mai asusun da za a ɗebi diyya a ciki. Daga wannan hukunci aka sami ƙa'idar da ta shekara fiye da 170 tana aiki: in hukuma ta yi aiki a hanya ta yi shi da ganganci, misali ta haƙa rami ta tafi ta bar shi a buɗe, za ta biya. In kuwa naɗe hannu ta yi kawai har ruwan sama ya cinye hanyar, ba ta biyan ko anini. Ka ji fa, wanda bai taɓuka kome ba shi ya tsira! Su kansu Ingilishi abin ya dame su, sai majalisarsu ta soke wannan kariya da dokar 1961, wadda ta fara aiki a 1964.

Yadda abin ya shafe mu shi ne, Nijeriya ta gaji dokokin Ingila kamar yadda suke a ran 1 ga Janairu 1900, lokacin tsohuwar ƙa'idar na nan da ƙarfinta. Gyaran da suka yi daga baya nasu ne, bai biyo mu ba.

Amma tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar nan suna da nasu hukunci. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya yi bayani cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar jama'a, inda ba shi da ikon yin haka, shi ke lamunin ɓarnar da ta auku. Wannan magana ta shafe mu ainun, mu mutanen karkara. Wanda ya shanya shinkafa ko barkono a kan kwalta ya tokare da duwatsu, da wanda ya jibge yashin gini a kwana, da matasan da ke tayar da tudun rage gudu cikin dare ba alama, kowannensu ya sa kansa cikin alhaki a shari'ar Musulunci da ta bature duka. Haka ɗan kwangilar da ya fasa kwalbati ya tafi bai sa ko ganye ba. Irin waɗannan sun fi saukin kaiwa ƙara, don ga mutum ga aikin hannunsa.

Gwamnati kuwa, a da sai da izininta ake kai ta ƙara. Tsarin mulkin 1979 ne ya buɗe wannan ƙofa. Sai dai akwai wata doka tun ta 1916 mai kare ma'aikatan hukuma, wadda ta ce sai a shigar da ƙara cikin wata 3 da aukuwar abin. A 1998 Kotun Ƙoli ta ce kariyar ta haɗa har da hukumomin kansu, ba ma'aikaci kaɗai ba. A ganina nan ne talaka ya fi cutuwa. Mai karayar cinya yakan cinye wata ukun nan a hannun maɗori, kafin ya miƙe lokaci ya ƙure.

Saboda haka malam, kada ka jira sai ya warke. Ka fara sanin hanyar ta wa ce. In ta tarayya ce, hukumar FERMA da aka kafa a 2002 ke da nauyin gyaranta, in ba haka ba ta jiha ce ko ta ƙaramar hukuma, kamar galibin hanyoyin ƙauye. A ɗauki hoton ramin kafin a cike shi, a kai rahoto ga 'yan sanda, a adana takardun asibiti da sunayen waɗanda suka gani, sannan a ga lauya.

Ka kuma shirya jin tambayoyin da za a yi wa ƙanen naka, domin kotu takan raba laifi ta rage diyya gwargwadon sakacin mai ƙara. Za a tambaye shi gudun da yake yi, ko fitilarsa na kamawa, ko birkinsa na ci, da kuma nauyin buhun da ya ɗaure a baya.