Yadda ake gyara jirgin ƙasa na wasan kwamfuta ya yi tafiya irin ta gaske

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da babu harbi, babu tsere, aikin mai wasa kawai ya zauna a kujerar matuƙin jirgin ƙasa ya kai kaya ko fasinjoji tasha a kan lokaci. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yi suna a cikinsu shi ne Microsoft Train Simulator, wanda kamfanin Kuju na Ingila ya haɗa, aka fitar da shi a shekarar 2001. Ya zo da hanyoyi shida na ƙasashen Amurka, Ingila, Ostiriya da Japan. Microsoft ya yi niyyar fitar da na biyu, amma ya watsar da aikin a 2009. Daga nan masu sha'awa suka ɗauki nauyin abin da kansu, suka rubuta wata manhaja ta kyauta mai suna Open Rails, wadda ke karanta jirage da hanyoyin tsohon wasan. Cikakken zubinta na farko ya fito a 2015.

Kowane jirgi na wannan wasa kashi biyu ne. Akwai sura, wato zane da fenti da ido ke gani. Akwai kuma wani ƙaramin fayil na rubutu da ke gaya wa kwamfuta yadda jirgin zai yi tafiya: na kan jirgi sunansa na ƙarewa da .eng, na tarago kuma da .wag. A ciki ake rubuta nauyi, ƙarfin inji, iyakar gudu, riƙon ƙafa a kan dogo da yadda birki ke kamawa. Kwamfuta ba ta duba sura. Idan aka zana kan jirgi mai ton 190 amma aka rubuta 19 a fayil, zai tashi kamar babur. Da yawa daga jiragen da masu sha'awa ke rabawa kyauta a intanet suna da kyan gani, sai dai lambobinsu an kwafo su ne daga wani jirgi dabam. Wannan shi ne abin da masu gyara ke bi suna daidaitawa.

Ƙarfin inji da ƙarfin ja

A nan aka fi yin kuskure. Misali kan jirgi samfurin Dash 9 na kamfanin General Electric, wanda ke cikin wasan tun farko. Injinsa na gazuwal yana da ƙarfin doki 4400, yana juya janareta mai samar da wuta, wutar ce ke juya ƙafafu. Nauyinsa wajen ton 190 ne. Ƙarfin inji ba ya canzawa, amma ƙarfin da ke jan taragu yana raguwa gwargwadon ƙaruwar gudu. Ana iya auna wannan ja kamar nauyin da ke rataye a igiya. A gudun kilomita 20 a awa, ƙarfin doki 4400 na ba da jan kusan ton 60. A kilomita 80 sai ya koma ton 15, tun ma ba a cire abin da ke ɓacewa a cikin janareta ba. Mai gyara da ya san aikinsa yakan nemo takardun masana'anta ya shigar da wannan raguwa mataki-mataki.

Sai kuma iyaka ta biyu, wadda inji ba ya iya tsallakewa. Ƙafar ƙarfe a kan dogon ƙarfe ba ta riƙo kamar tayar mota a kan kwalta. Open Rails na amfani da lissafin wasu injiniyoyin Jamus biyu, Curtius da Kniffler, da suka yi gwaje-gwaje a shekarun 1940. Bisa lissafinsu, a busasshen dogo kan jirgi na iya jan abin da ya kai kashi 33 cikin 100 na nauyin da ke kan ƙafafunsa lokacin tashi, sai ya sauka zuwa kashi 21 a gudun kilomita 100. Ga Dash 9 ke nan, ton 63 ne iyakarsa a wurin tashi. Idan matuƙi ya buɗe wuta fiye da haka, ƙafafu za su yi ta juyawa wuri guda. Ruwa ko ƙanƙara na ƙara santsi, shi ya sa kan jirgi ke ɗauke da rairayi yana zubawa a gaban ƙafa. Mai gyara na saita wannan ma.

Abin da ke riƙe jirgi baya

Ko a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa akwai abin da ke rage wa jirgi gudu. A 1926 wani injiniyan General Electric mai suna W. J. Davis ya raba shi gida uku: gugar ƙafafu da ba ta canzawa, wadda ke ƙaruwa tare da gudu, da turin iska da ke ninkawa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Open Rails ya ba da wurin rubuta waɗannan lambobi uku ga kowane tarago. Jimillarsu ba ta da yawa, kilo ɗaya zuwa biyu ne ga kowane ton idan ana tafiya sannu. Dalilin da ya sa jirgi ke da arha wajen dako ke nan.

Hawa ne ke sauya lissafi, kamar yadda duk matuƙin tirela ya sani. Tudun da ke tashi mita 10 a kowane kilomita na ƙara kilo 10 a kan kowane ton. Hanyar Marias Pass ta jihar Montana a Amurka, ɗaya daga cikin shidan nan, tana da hawan mita 18 a kilomita. Jirgi mai ton 5000 na buƙatar jan ton 90 don hawan kawai. Kan jirgi ɗaya ba zai iya ba, biyu kuma sai da jan ciki. Duk wanda ya ga Dash 9 guda ya haye wannan tudu da irin wannan kaya a wasa, to fayil ɗinsa na buƙatar gyara.

Birki

Wannan ne ɓangare mafi wuya, kuma shi ne mafi daɗi ga masu haƙuri. Birkin jirgi na iska ne, a kan tsarin da George Westinghouse ya ƙirƙiro a 1872. Tiyo ɗaya ne ya ratsa jirgin tun daga kai har wutsiya, kowane tarago da ɗan tankinsa. Rage iskar tiyon ne ke sa birki ya kama. A dogon jirgi, na gaba kan kama kafin saƙon ya isa na baya, sakinsa kuma da sake cika tankuna na ɗaukar mintoci. A Turai ana cika tiyon da matsin bar 5, kuma ana iya sassauta birki kaɗan-kaɗan. A jiragen kayan Amurka matsin ya ɗan haura bar 6, sakin kuma gaba ɗaya ne. Matuƙin da ya yi ta kamawa yana saki a gangara zai ƙarar da iskar tankuna, jirgi ya ƙwace masa. Idan an rubuta girman tankuna da saurin cikarsu daidai, haka zai faru a wasan ma.

Hanyar aiki

Fayilolin rubutu ne kawai, ana buɗe su da manhajar rubutu mai sauƙi, sai dai kowace lamba na cikin baka, kuma baka ɗaya da aka manta ba a rufe ba na iya hana jirgi buɗewa. Ma'auni ma na rikita mutane, domin takardun Amurka na amfani da mil da fam, na Turai da kilomita da ton. Masu gyara kan ajiye kwafin asali kafin su taɓa komai. Open Rails ya sauƙaƙa wannan: idan aka buɗe wani ƙaramin jaka mai suna OpenRails a cikin jakar jirgin aka zuba gyararren fayil, shi manhajar za ta fara karantawa, na asali kuma yana nan yadda yake.

Bayan gyara sai gwaji. Maɓallin F5 na fito da gudu da matsin iska a kan allo. Ana sauya lamba ɗaya a lokaci guda, a tuƙa jirgin a hanya ɗaya da kaya iri ɗaya, a auna lokacin da ya ɗauka kafin ya kai wani gudu da nisan da ya ci kafin ya tsaya, sannan a gwada da jadawalin tafiyar jirgin na gaske.