Kamfe

kamfe *suna, namiji.* Zagayen da ɗan takara da jam'iyyarsa ke yi don neman ƙuri'ar jama'a kafin ranar zaɓe. Yaƙin neman zaɓe. *Ɗan takararmu ya fita kamfe Katsina.*

A Najeriya Dokar Zaɓe ta 2022 ta ce a fara shi kwana 150 kafin zaɓe, a rufe saura awa 24. Shi ya sa na shugaban ƙasa ya fara ranar 28 ga Satumba, 2022, aka kaɗa ƙuri'a 25 ga Fabrairu, 2023. 'Yan takara 18 ne suka fito, amma hankali ya fi karkata ga Bola Tinubu na APC, Atiku Abubakar na PDP, Peter Obi na LP da Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP, wanda jajayen hulunan magoya bayansa suka cika titunan Kano.

Dole ɗan takarar shugaban ƙasa ya karaɗe ƙasa, domin yawan ƙuri'a kaɗai ba ya wadatarwa: sai ya samu kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Abin takaici, sau da yawa kiɗa da rabon atamfa kan danne bayanin manufa.

*Duba:* gangami, takara.