Daga Maƙera zuwa Masu Saita Rimot: Tarihin Sana'ar Makulli a Boɗinga da Shagari

Sana'ar makulli a ƙasar Sakkwato ta faro ne a hannun maƙera. Ɗakin talaka a dā asabari ko tufaniya ke rufe bakinsa, amma gidajen sarauta da na attajirai suna da ƙyauren katako mai sakata, kuma maƙeri ne ke ƙera ƙarafunan da ke riƙe shi. A birnin Sakkwato unguwar Maƙera Assada ta yi suna da wannan aiki. Boɗinga kuwa, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna lokacin da Shehu Usmanu yake Sifawa kafin Shehun ya koma Sakkwato a 1815, gari ne da ya daɗe da jama'a da kasuwa, don haka bai rasa maƙeransa ba.

Kwaɗon kanti shi ya fara rage wa maƙera wannan ciniki. Tsarinsa na ƙananan ƙusoshi da haƙoran makulli ke ɗagawa ya samo asali daga ƙirar da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865. Irin wannan makulli ba ya son guduma, zarto yake so da ido mai kyau. Daga nan aka samu masu yankan makulli, waɗanda ke ɗora tsohon a kan sabon ƙarfe su goge har haƙora su yi daidai. Daga baya injin yanka ya zo, aikin ya koma na 'yan mintuna.

Mota ta shigo cikin sana'ar ta babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega. Tsoffin manyan motoci da hannun ƙarfe ake murza su daga gaba kafin su tashi. Murɗa makulli guda ya tayar da inji abu ne da kamfanin Chrysler ya yaɗa daga 1949. A nan gida, motar da ta fi sabar wa mutane da makullin mota ita ce Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975. Alhaji Shehu Shagari ma ya taɓa shugabantar hukumar daraktocin kamfanin Peugeot ɗin kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Makullin fijo ƙarfe ne zalla. In ya ɓata a yanko wani, in ya cinye a goge shi, ba ruwan kowa da batir.

Rimot ya fara bayyana a motar Renault Fuego ta Faransa a 1982, amma bai zama ruwan dare a wannan yanki ba sai da motocin Beljiyam masu shigowa ta Kwatano suka cika gari. Waɗannan motoci sun zo da abubuwa biyu a kan makulli ɗaya, kuma yawancin ruɗanin masu mota daga rashin bambance su yake. Na farko shi ne rimot mai buɗe ƙofa, wanda ke aiki da ɗan batir mai kamar kwabo, galibi CR2032 mai ƙarfin bolt 3. Na biyu 'yar ƙwayar lantarki ce da ke ɓoye a kan makullin, wadda ƙwaƙwalwar mota ke tantancewa kafin ta bar inji ya tashi. Jamus ta wajabta wannan kariya a sababbin motoci daga 1998 saboda sata. Ƙwayar ba ta buƙatar batir, daga zoben da ke kewaye da ramin makulli take samun wuta. Shi ya sa batirin rimot ke mutuwa mota ta ci gaba da tashi, shi ya sa kuma makullin da aka yanko a kasuwa zai buɗe ƙofa, ya murɗa, amma inji ya yi ƙememe.

Da haka aikin ya zame daga hannun mai zarto zuwa na mai gyaran wayarin mota. Gwani a cikinsu daga abu mai araha yake farawa. Zai tambayi ko rimot ɗin ya daɗe yana rage nisa, sai an matso jikin mota yake amsawa, domin wannan alamar batir ce. Zai sa bakin sukudireba ya ɓare rimot ɗin biyu, ya duba ƙarafunan da ke danne batirin ko sun saki ko sun yi kore. Ƙurar hunturu, gumin watan Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, da makullin da aka manta a aljihun kaftani har ya je hannun mai wanki, su ne manyan masu laifi. Tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit kan tayar da wanda aka riga aka fidda rai da shi. Maɓallin da ya ɓalle daga allon lantarkin da ke cikin rimot ɗin kuwa, mai gyaran waya kan liƙe shi da dalma. In akwai makulli na biyu ana gwada shi, don idan shi ma ya ƙi, matsalar tana jikin mota: fiyus, batirin motar, ko na'urar da ke karɓar saƙon.

Abin da ya fi ƙarfin wannan shi ne saiti. Rimot na zamani yana sauya lambar sirrinsa duk dannawa, kuma sabo ba ya aiki sai an gabatar da shi ga ƙwaƙwalwar motar, galibi ta wata kafa mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, wadda Amurka ta wajabta tun 1996. Akwai kuma tarkon da ke cinye kuɗin mutane: motocin Amurka galibi suna sauraron zangon rediyo na 315 ne, na Turai 433, don haka rimot biyu na Toyota za su yi kama kamar an tsaga kara amma ɗaya ba zai taɓa yi wa motar ɗayan magana ba. Na'urar saitin tana da tsada, shi ya sa irin wannan aiki daga Boɗinga da Shagari yakan ƙare a garejojin birnin Sakkwato.

Motocin da ake tayarwa da danna maɓalli sun ƙara nisanta sana'ar daga maƙera, sai dai ba su rabu da ƙarfe ba. A cikin kusan kowane rimot nasu akwai siririn makulli na buɗe ƙofar direba ranar da batir ya mutu, kuma a yawancinsu manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa ya isa motar ta karanci ƙwayar ta tashi. Wannan siririn makulli har yanzu a kan injin yanka ake fitar da shi.